Addu'ar da Ban Faɗa wa Kowa Ba

Akwai addu'ar da uwa za ta yi ta kasa faɗa wa ko mijinta. Tawa ita ce Allah ya sa yarinyar nan ta faɗi gwajin iyo. Na yi ta a sujada, na yi ta a mota, na kuma yi ta ina zaune kan benci a wurin ninkaya na garin Reading da ke Ingila, ina murmushi ina ɗaga mata hannu kamar sauran iyaye.

'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Shekararta goma sha biyu lokacin da ta dawo daga makaranta da wata takarda, a bazarar 2022. Wani kulob na bakin kogin Thames zai koya wa yara tuƙin jirgin tsere a lokacin hutu. Babanta bai gama karantawa ba ya sa hannu. Ni kuwa na ɗora takardar bisa firij, na bar ta can tana shan ƙura, da fatan yarinya za ta manta. Ba ta manta ba.

Ni 'yar Yawuri ce, a bakin kogin Neja na tashi, amma ban iya iyo ba, kuma babu mace ko ɗaya a gidanmu da ta iya. Mu 'yan kasuwa ne. Ruwa na Sarkawa ne da Gungawa, mu namu kallo daga tudu ranar bikin Rigata, ana tseren kwalekwale ana kiɗa. Yarinya ta je gaɓa ta dawo da jiƙaƙƙen zane, ranar sai ta gane kurenta. Wannan tsoro kuwa ba na banza ba ne. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin masarautarmu, ɗauke da mutum fiye da ɗari, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. Kafin shekarar ta ƙare aka sake yin wani a Bagwai ta jihar Kano, ya ci 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Da wannan a zuciyata aka miƙo mini biro aka ce in amince 'yata ta hau ruwa don wasa.

Gwajin iyon da kulob ke yi kafin yaro ya hau jirgi ba wani mai tsawo ba ne. Yaro zai yi iyo na mita 50 sanye da riga da wando marasa nauyi, ya tsaya wuri ɗaya cikin zurfi na minti biyu ba tare da ya kama komai ba, sannan ya nutsa ya yi tafiyar mita biyar a ƙarƙashin ruwa. Da tufafi ake yi saboda ranar da jirgi zai kife ba a kayan wanka zai same ka ba. Makarantun firamare na Ingila dama suna koyar da iyo, yana cikin manhaja, to ashe yarinya ta daɗe da wuce inda nake zato. Ta gama ta fito tana tsiyayar ruwa tana dariya, ta ce, "Umma, kin ga ni?" Na ce na gan ki, Allah ya yi albarka. Da gaske na faɗa, amma cikina ya ɗuri ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai, kuma duk uwar da ta tambaye ni yau shi nake fara ba ta labari. Kafin su koya wa yaro yadda ake tuƙi, sai sun koya masa yadda ake kifewa. Nan cikin wurin ninkayar suka shigo da jirgin mutum ɗaya. Tsawonsa ya haura mita takwas, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, nauyinsa kilo 14 ne ko sama da haka kaɗan. Matuƙi a kansa yake zama, ba cikinsa ba, bisa 'yar kujera mai tayoyi da ke gaba da baya, ƙafafunsa cikin takalman da aka ɗaure a jikin jirgin. Filafilai biyu da ke hannunsa su ke riƙe da jirgin a tsaye. Ka saki ɗaya, ka sha ruwa. Koci ya ce mata ta saki. Ta saki. Jirgi ya juya, 'yata ta ɓace ƙarƙashinsa, ƙafafunta a ɗaure.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da wata mata ta dafa ni.

Daƙiƙoƙi kaɗan ne, sai ga kanta ya ɓullo. Daga baya na je na duba takalman da hannuna. Duddugen kowanne an ɗaure shi da gajeriyar igiya, ta yadda idan mutum ya fizgi ƙafarsa takalmin ba zai bi shi ba, ƙafa za ta zame ta fita. Akwai kuma zare guda da ke buɗe maɗauran biyu da fizga ɗaya. Kafin kowace fita, yaro da kansa zai duba igiyoyin nan, ya duba 'yar ƙwallon roba da ke hancin jirgi don rage ɓarna idan an yi karo, ya tabbata murafan ramukan iska a rufe suke, domin iskar da ke ciki ita ke hana jirgi nutsewa ko ya kife. Daga nan sai doka ta farko, wadda suke nanata wa yara har ta zauna: kada ka rabu da jirginka. Ko gaɓa na kusa, ko kai gwani ne. Ka haye bayansa, ka fitar da ƙirjinka daga ruwa, ka jira jirgin ceto ko ka tura shi da ƙafa zuwa gaɓa. Dalili kuwa sanyi ne. Ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba da zarar ya faɗa, kuma Thames ya fi haka sanyi a mafi yawan shekara. Wanda ya san da zuwan wannan fizgar numfashi zai riƙe jirgi ya jira ta wuce. Wanda bai sani ba zai hau kokawa da ruwa.

Na yi musu a kan rigar ceto, sosai ma. Yaya za a sa yara a kogi babu ita? Kocin bai yi fushi ba, da alama ya saba. Ya ce mai jan akalar jirgi, wanda suke kira koks, dole ne ya sa, haka duk wanda ke cikin jirgin inji mai bin yara, haka yaron da bai ci gwajin iyo ba. Amma matuƙi hannuwansa har ƙirji suke zuwa a kowane ja, riga mai kauri tana kama kan filafili, sai ta jawo kifewar da ake gudu. Ban gamsu a ranar ba. Sai da na ga yadda ake tuƙin da idona na yarda da shi rabi, kuma har yau a rabin nake. Abin da dai na fahimta shi ne, abin da ya ci mutanenmu a Warra ba shi ne a gabana ba. Can tsohon jirgi ne da lodi ya fi ƙarfinsa, fasinjoji ba su iya iyo ba, babu mai ceto a kusa. Nan kuwa an ƙidaya yara kafin su hau, babba yana biye da su a jirgin inji, kuma kowannensu ya taɓa kifewa da gangan ya fito. Tsorona bai san wannan bambanci ba, ni ce na riƙa karanta masa shi kullum.

Inna, kakar yarinyar, kam ba ta karɓi bayani ba. Da na faɗa mata ta waya sai ta yi salati, ta ce, "Ke yanzu da hankalinki? Ruwa ai gwani yake ci." Ta sa na miƙa wa jikarta waya, ta ce, "Kishiya, in mijin nawa kike so ki burge, ki koyi tuƙin tuwo, ki bar na jirgi." Suka yi ta dariya. Bayan kwana biyu sai ga saƙon murya, ta karanto addu'ar hawa jirgi ta ce a koya wa yarinya. Wannan ita ce amincewar Inna, kuma ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Sai batun sutura, wanda babu takardar kulob da za ta warware wa uwa Musulma. Kayan matuƙa matsattsu ne, riga da gajeren wando a haɗe. Ba gayu ne ya kawo haka ba. Duk abin da ke lilo, gefen riga ko aljihu ko hular rigar sanyi, yana iya shiga tayoyin kujera ko ya kama babban yatsa. Mun zauna ni da ita da babanta muka yi ciniki. Dogon wando mai kama jiki har idon sawu, riga mai dogon hannu wadda ta sauko ta rufe ƙugu amma ba ta kai kujera ba, da hijabin wasanni wanda ake zurawa ba a sa masa fil, a cusa gefensa cikin wuyan riga, in ya saƙale da wani abu ya zame da kansa. Da ta sauka daga jirgi sai ta ɗora doguwar rigar sanyi. Ba ita ce shigar da na fi so ba, kuma na san akwai 'yan uwa da za su karanta wannan su girgiza kai. Na tambayi inda 'yan mata ke sauya kaya, na tambayi ko koci namiji kan keɓe da yarinya, aka nuna mini matar da aka ɗora wa alhakin kula da lafiyar yara da mutuncinsu, aka ce duk mai koyar da yara sai an binciki tarihinsa. Shawarata ga iyaye ita ce su yi waɗannan tambayoyi a ranar farko, da babbar murya, ba tare da jin nauyi ba. Turawan ma suna yi.

Ƙananan abubuwa kuwa yaro ne zai koya miki su da jikinsa. A yanke farce, domin hannun hagu bisa na dama yake wucewa a kowane ja, farcen sama yana yagar bayan hannun ƙasa. Tafin hannu zai yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, kuma ba a sa safar hannu. Kullum a tafi da tawul da kayan sauyawa ko rana na ƙwallewa. Kowane ƙurji ko yanka a rufe shi da filasta kafin a hau ruwa, a wanke hannu kafin a ci komai. Akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan kogi, tana farawa kamar mura da zazzaɓi. Ba kasafai ake kamuwa da ita ba, amma ita ta kashe Andy Holmes a 2010, mutumin da ya ci zinare sau biyu a gasar Olamfik. In yaro ya yi zazzaɓi bayan ya faɗa ruwa, a gaya wa likita cewa ya shiga kogi. A 2024 har ɗaliban Oxford da Cambridge, masu tseren da aka faro tun 1829, an gargaɗe su kada su jefa koks ɗinsu ruwa kamar yadda suka saba in sun yi nasara, saboda ƙazantar da aka auna a kogin.

Abin da ban shirya ta a kansa ba shi ne gundura. Yaro yana zuwa da hoton tsere a kansa, sai ya tarar makonnin farko ɗaukar jirgi ne a kafaɗa daga rumfa zuwa ruwa, da wanke shi, da jera filafilai, da zama a jirgi mai faɗi wanda koci ke riƙe da igiyarsa. Ana koya masa abin da jiki ba ya so: ya juya wa inda za shi baya, ya tura da ƙafa kafin ya ja da hannu, domin ƙarfin tuƙi a cinya yake, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Ƙafa, baya, hannu, sannan a dawo hannu, baya, ƙafa. Kuma filafili biyu ake ba yara, sai sun kai wajen shekara goma sha biyar ake barinsu su riƙe guda ɗaya a gefe, don kada kashin baya mai girma ya saba da karkata. Ranar da aka fara haɗa su su huɗu ta dawo tana kumbure-kumbure, wai wata yarinya tana riga kowa tsoma filafili, jirgi sai rawa yake. Na ce mata ai lugude ne. Mata huɗu a turmi ɗaya, wadda ta fi ƙarfi ba ita ce gwana ba, gwana ita ce mai jin saukar taɓaryar 'yar uwarta. Ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, sai da na nemo mata bidiyo a waya. Ta kalla ta ce, "To Umma ai kin iya tuƙi." Ban iya ba, amma na ji daɗin maganar.

Mu iyaye namu darasin a gaɓa yake, kuma ya fi na yara wuya, domin ba a ba mu koci. Na farko shi ne yin shiru. Yaro a ruwa murya ɗaya ya kamata ya ji. In uwa ta ƙwala kira daga gaɓa, zai waiwayo, hannu ya saki, jirgi ya karkata. Na ga uban da ke bin gaɓa a guje yana ba ɗansa umarnin da ya saɓa wa na koci, yaron ya sauka yana kuka. Ni matsalata ba ihu ba ce, fuska ce. Yarinya ta ce mini, "Umma, in na hango ki sai in ji kamar wani abu zai faru." Daga ranar na koma ajiye ta in shiga mota da carbina, ko in je in taya masu dafa shayi. Kulob irin wannan da guminsu iyaye yake tafiya. Wani ya ja tirelar jirage zuwa wurin gasa, wata ta toya kek a sayar, kowa kuma yana da sifana mai lamba 10 da mai lamba 13 a aljihu don kwance ƙarafan da ke riƙe filafili. Ni da ban taɓa ɗaure noti ba, yanzu akwai sifana a jakata tare da turare. Ranar da na kai ƙosai rumfar shayi, kafin a gama tseren farko ya ƙare.

Ba zan ɓoye ba, akwai kaɗaici. Wasan nan a Ingila ya daɗe a hannun makarantun masu kuɗi, kuma Henley, inda ake babbar gasar da aka fara a 1839, tafiyar 'yan mintuna ce daga gidanmu. Sau da yawa ni kaɗai ce mai mayafi a gaɓa, ita kaɗai ce baƙar fata a jirgi. Babu wanda ya taɓa faɗa mana maras daɗi, amma yaro yana ƙirga fuskoki ko bai faɗa ba. Babanta ne ya nemo mata labarin Mohamed Sbihi, Musulmi ɗan asalin Maroko ta wajen uba, wanda ya ci wa Birtaniya zinare a Rio a 2016, ya kuma riƙe tutar ƙasar a bikin buɗe gasar Tokyo. Ni kuwa wanda ya fi kwanta mini shi ne Hamadou Djibo Issaka na Nijar. A 2012 ya zo gasar Landan yana da shekara 35, wata uku kacal da fara koyon irin wannan jirgi, ya yi tsere a tafkin Dorney da ke nan kusa da mu, ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa, 'yan kallo suka miƙe suna masa tafi. Wasu manyan wasan sun ce bai cancanci zuwa ba, kuma ta fuskar gwaninta suna da hujja. Amma ranar da 'yata ta yi tserenta na farko, mita 500, jirginsu ya zo na ƙarshe, labarin Issaka ne ya yi mana amfani a mota, ba na mai zinare ba. A motar nan ma akwai darasi. Yaron da ya sha kaye ba ya son bincike. Abinci yake so, da a bar shi ya fara magana da kansa.

Azumi ya zo mana a watan Maris, lokacin da ake shirin gasannin bazara. Mun gaya wa koci tun da wuri, ya rage mata nauyin atisaye, ya daina sa ta gwajin injin atisaye da yamma. Iyakar abin ke nan, bai zama rigima ba.

Rigimar ta zo ne daga inda ban zata ba. Ruwan saman hunturun 2023 zuwa 2024 ya yi yawa, Thames ya cika ya tumbatsa, a watan Janairu har ya shiga unguwanni. In ruwa ya yi ƙarfi haka, hukumar muhalli tana kafa jan allo a madatsun kogin, kuma muddin jan allo na nan yara ba sa hawa ruwa. Mako bayan mako sai injin atisaye a cikin rumfa mai sanyi, ana ja ana kallon lambobi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. An kuma fara auna su da juna don zaɓen waɗanda za su shiga jirgin farko. Wata safiyar Asabar ta ce ta gaji, ba za ta ƙara zuwa ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Bayan duk wahalar da muka sha?" Na lissafa mata kuɗin kulob, da man mota, da barcin safe da na rasa. Babanta ya ƙara da nasa, domin ya ji cewa jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yan mata matuƙa su biya musu karatu, har ya fara gina gida a kan wannan. Yarinya ta dube mu ta ce, "Ni fa ruwan nake so, ba tseren ba."

Maganar ta zauna mini. A shekara ɗaya da rabi na tashi daga mai son hana ta zuwa mai son tilasta mata, kuma a duka biyun ba ita nake kallo ba. Muka yi yarjejeniya. Za ta ƙarasa zangon da aka biya, domin jirgin mutum huɗu ba ya fita da uku, kuma ba a barin abokan tafiya a tsakiyar hanya. Bayan nan zaɓi nata ne. Da zangon ya ƙare ta je da kanta ta sami koci, ta ce a cire ta daga rukunin masu gasa a mayar da ita na masu fita sau biyu a mako don jin daɗi. Can take har yanzu. Ta kife a kogin gaske tun daga lokacin, ban sani ba sai da na ga jiƙaƙƙun kaya a leda, ta ba ni labari tana cin abinci kamar wadda ta yi tuntuɓe a hanya. Babanta bai daina ambaton Amurka ba, amma ya rage murya.

Bana ƙanenta ya kai shekarun shiga. Yayarsa ta kawo masa takarda, ta yi masa alkawarin za ta koya masa komai. Ya juya ta gaba da baya, ya ce shi sanyi ne ba ya so, ƙwallo zai buga. Ban bari ya sake tunani ba, washegari da sassafe na kai shi kanti na saya masa takalmin ƙwallo, har da safa biyu.